Yadda raye-rayen fada suka sauya suturar matan Turai

Guntun siket mai bajewa da takalmin tsayuwa a kan yatsu, waɗanda aka san masu rawar bale da su a yau, ba da su rawar ta soma ba.

Shekaru ɗari uku da suka wuce, macen da za ta yi rawa a kan dandamali a birnin Paris, kusan irin kayan zuwa liyafar fada take sakawa: doguwar riga mai nauyi, da takalmi mai tudun dunduniya, da tulin gashi a ka.

An shafe fiye da ƙarni guda ana ja-in-ja tsakanin masu rawa da teloli da masu rajin kare tarbiyya kafin suturar ta sauya, kuma akwai matan da sabuwar suturar ta yi ajalinsu.

Rawa a matsayin aikin fada

Bale ta samo asali ne daga bukukuwan fadojin Italiya a ƙarni na 15, ta kuma samu gindin zama a Faransa bayan da Catherine de Medici ta auri ɗan sarkin ƙasar a 1533.

A 1581 aka yi wani ƙasaitaccen wasa a fadar Paris, wanda ya ɗauki kimanin sa'o'i biyar, wanda kuma masana tarihi da dama ke ɗauka shi ne bale ta farko. Fadawa da matan sarauta ne suka yi rawar a tsakiyar zaure, yayin da akasarin 'yan kallo ke leƙo su daga sama. Abin kallo shi ne yadda ake jeruwa da rarrabuwa a ƙasa, don haka babu wanda ya damu da ganin ƙafar kowa.

Sarki Louis na 14 da kansa gwanin rawa ne. Yana ɗan shekara 14 ya fito a siffar rana a wani wasa a 1653, sa'annan ya kafa cibiyar koyar da rawa ta masarauta a 1661. A fadarsa, wanda bai iya taku ba yana iya zubar da ƙimarsa a dare guda, domin bibbiyu ake fitowa, gwargwadon muƙami, sarki da sauran jama'a na kallo.

Takun raye-rayen wancan zamani, irin su minuwet, ƙanana ne kuma a natse, daidai da abin da tufafin mata za su iya ɗauka. Rigar ciki mai tauri tana ɗaure ƙugu, ta miƙar da gadon baya, ta kuma hana ɗaga hannu sosai. Miƙaƙƙiyar tsayuwar da ake koya wa ɗaliban bale har yanzu tana da tushe a wannan zamani.

Maza kuwa gajeren wando da doguwar safa suke sakawa, ƙafafunsu a sake, saboda haka tsalle da juyi suka zama nasu. Har ma su ne ke fitowa a matsayin mata a wasannin ƙwararru, fuskokinsu a rufe, kafin 1681, lokacin da wata mai suna La Fontaine ta jagoranci matan farko da suka yi rawa a matsayin sana'a a gidan wasannin Opera na Paris.

Matan da suka rage riga

A farkon ƙarni na 18 aka shiga yayin wani abu da Faransawa ke kira kwando, wato sanduna da ake ɗaurawa a ƙugu domin su buɗa siket ta gefe da gefe. Wasu rigunan fada sun yi faɗin da sai mace ta karkace kafin ta shige ƙofa.

Cikin wannan hali Marie Camargo ta fara rawa a Opera a 1726. Ta iya tsallen da ake harɗa ƙafafu a sama, wanda a da na maza ne, amma doguwar riga na ɓoye gwanintar. Sai ta rage tsawon siket ɗinta har idon sawu ya bayyana. Ragin bai taka kara ya karya ba, amma ya jawo mata suka, ya kuma jawo mata 'yan kallo.

Abokiyar hamayyarta, Marie Sallé, ta zarce haka. A 1734 ta fito a Landan ba kwando, ba tulin gashi, sanye da riga ta yadi mai laushi irin ta gumakan tsohuwar Girka. Ba a bi sahunta nan take ba. Ko a 1760, malamin rawa Jean-Georges Noverre na ci gaba da kira a rubuce da a yi watsi da kwando da gashin aro da abin rufe fuska.

Juyin juya hali da rawar wals

Siyasa ce ta ƙarasa aikin. Bayan juyin juya halin Faransa na 1789, kayan fada masu nauyi sun zama alamar tsohon mulki, mata suka koma ga riguna marasa nauyi na farin yadin auduga shara-shara, wanda mafi tsadarsa daga yankin Dhaka na Bengal ake kawowa. Takalmi mai tudu ya ba da wuri ga shafaffen takalmi na siliki da ake ɗaurewa da zare a idon sawu.

Masu cewa rawa ce ta haifar da wannan yayi sun yi zuzutawa. Abin da ya tabbata shi ne sabuwar suturar ta buɗe ƙofa ga rawar wals, wadda ta bazu daga ƙasashen Jamusawa, inda namiji ke riƙe ƙugun mace suna juyawa da sauri, abin da ba zai yiwu da kwando ba. Da aka yi ta a wata liyafar gidan sarautar Ingila a 1816, jaridar The Times ta yi tir da ita, ta gargaɗi iyaye kan 'ya'yansu mata.

Wannan takalmin na zauren liyafa shi ne ya zama takalmin bale. Wanda Marie Taglioni ta yi rawar La Sylphide da shi a 1832 na siliki ne mai laushi, an dai ƙarfafa bakinsa da ɗinki, kuma ƙarfin ƙafarta ne ya ɗauke ta a kan yatsu. Farar rigarta mai ninki-ninki, wadda ta tsaya a tsakiyar ƙwauri, ta zama suturar bale ta wancan ƙarni. Daga nan sai kwaikwayo ya juya: matan birni suka shiga neman fararen riguna da gyaran gashi irin nata.

Wuta

Yadin da ya ba masu rawa sauƙin motsi, nan da nan yake kamawa da wuta, ga shi kuma fitilun gas ne ke haska dandamali, wasunsu a jere a ƙasa, dab da bakin siket.

A 1844 rigar Clara Webster ta kama da wuta tana cikin wasa a Landan, ta mutu bayan 'yan kwanaki.

A 1859 hukumomin Faransa suka wajabta tsoma kayan wasa cikin wani sinadari mai hana kamawa da wuta. Sai dai sinadarin yana sandarar da yadi, ya kuma dusashe haskensa. Emma Livry, ɗalibar Taglioni da ake ganin ita za ta gaje ta, ta ƙi amincewa, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. A watan Nuwamban 1862 siket ɗinta ya taɓa fitila a wajen atisaye. Ta yi jinyar wata takwas, ta mutu a 1863 tana da shekara 20.

Zaurukan liyafa ma ba su tsira ba, musamman bayan 1856 da siket mai zobban ƙarfe ya sake buɗa rigunan mata. A 1871 wasu 'yan'uwan marubuci Oscar Wilde su biyu, waɗanda suka haɗa uba da shi, sun mutu sakamakon ƙuna bayan da rigar ɗayarsu ta taɓa wutar murhu a wajen wata liyafar rawa a Ireland, ɗayar kuma ta yi ƙoƙarin cetonta.

Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 siket ɗin bale ya haura gwiwa, domin a ga juyin da gwanayen Italiya ke yi a gidajen wasannin Rasha. Shi ne ake kira tutu, sunan da ba shi da daɗin ji a kunnen Bahaushe.

A zaurukan rawa kuwa, yayin tango na 1913 ya kawo siket mai tsaga da rigar ciki mai sauƙi, raye-rayen Amurka na shekarun 1920 kuma suka zo daidai da lokacin da siket ya kai gwiwa. A 1956 kamfanin Repetto na Paris, mai ɗinka takalman bale, ya yi wa 'yar fim Brigitte Bardot wani samfuri na yawo a titi, kuma irinsa ne shafaffen takalmin mata da ake sayarwa a kasuwannin duniya.