Ciwon Sukari: Yadda Za Ka Gane Sukari Ya Hau

Kai mai karatu, ko a Kazaure ka ke, ko Babura, ko Roni, ko Gwiwa, in likita ya gaya maka kana da ciwon sukari, to, ka saurara. Jikinka ya kan ba ka labari tun kafin ciwo ya kā da kai.

Ka sani, tuwo da fura da kunu, duk in sun shiga ciki su kan zama sukari, su bi jini. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ke shigar da sukarin cikin tsoka ya zama ƙarfi. In ruwan nan ya gaza, sai sukari ya taru cikin jini. In ya yi yawa, ƙoda ta kan zubar da shi cikin fitsari, ya ja ruwan jiki su fita tare.

Saboda haka alama ta fari ita ce yawan fitsari, har ka tashi sau da yawa da dare. Wani lokaci ma tururuwa ta taru inda ka yi. Ta biyu ƙishirwa. Kada ka ce ai zafin bazara ne. Ƙishirwar bazara randa ta kan kashe ta, amma ta sukari kana sha tana komowa. Ta uku gajiya: ka ci ka ƙoshi, amma fartanya ta yi maka nauyi, kana ta ramewa. Ta huɗu, ido ya riƙa gani dishi-dishi. Ta biyar, ƙaya ta soke ka a gona, miki ya ƙi warkewa. Don haka ka duba ƙafafunka kowane dare, kada ka yi yawo ba takalmi.

In ka ga waɗannan, kada ka sha lemon kwalba ko rake don kashe ƙishirwa, gama ƙara wa wuta itace ne. Sha ruwa zalla, ka ci gaba da maganinka yadda aka tsara maka, sa'an nan ka je a auna jininka. Ma'auni ba ya ƙarya, jiki kuwa ya kan yi shiru alhali sukari ya hau. In ma'auni ya wuce 300 kana azumi, masana sun ce ka sha ruwa, ka nemi likita.

Akwai alamun da ba a kwana da su: amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi, barci mai nauyi, da gigicewa. Wanda ya kai haka, a ɗauke shi zuwa babban asibitin Kazaure ko na Babura nan da nan.

Amma ka rarrabe. Gumi mai sanyi da rawar jiki da yunwa farat ɗaya, ga mai shan magani, alamar sukari ya faɗi ce. Wannan kam a ba shi abu mai zaƙi maza.

Tun 1921 aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutane allurarsa a 1922. Watau magani ya daɗe da samuwa, sauran lura, ita kuwa taka ce. Karanta wa maƙwabcinka wannan, domin rigakafi ya fi magani.