AMSOSHIN WASIƘUNKU: MENE NE KOFIN RYDER, KUMA NAWA AKE CI A CIKINSA?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya rubuto yana cewa, ya ji a labarin wasanni wai Turai ta doke Amurka a gasar cin Kofin Ryder na ƙwallon lambu. To abin ya ɗaure masa kai, don shi a saninsa Turai nahiya ce, ba ƙasa ba. Yana so a yi masa bayanin wannan gasa, da yadda ake lissafin makinta har ake samun rabin maki, da kuma ko nawa ake bai wa waɗanda suka yi nasara. Sai kuma wani daga Kumasi a ƙasar Gana da ya tambaya ko ɗan Afirka na iya shiga.

AMSA: To, malam mai tambaya daga Maraɗi, mun gode da wasiƙarka, kuma kunnenka bai yi maka ƙarya ba. A ƙarshen watan Satumba na 2025, a filin Bethpage da ke jihar New York, 'yan wasan Turai sun ci na Amurka da maki 15 da 13. Amma bari mu soma daga tushe, don bayanin ya fi shiga.

Shi dai wasan ƙwallon lambu, wato golf, wasa ne na mutum ɗaya, kowa tasa ta fisshe shi. Fili yana da ramuka 18, ɗan wasa kuma yana bugun 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har sai ta faɗa kowane rami bi da bi. A manyan gasanni akan yi kwana huɗu ana bugawa, a tara yawan bugun kowa a ramuka 72, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne zakara, shi ke kwasar kaso mafi tsoka na kuɗi. To Kofin Ryder ya saɓa wa wannan tsari ta hanya biyu. Na ɗaya, ƙungiya da ƙungiya ake yi, mutum 12 daga Amurka, mutum 12 daga Turai, sau ɗaya a duk shekara biyu, wannan karo a Amurka, karo na gaba a Turai. Na biyu, ba a tara bugu, ramuka ake ƙirgawa.

Ga misali. A ce a ramin farko ɗan Amurka ya jefa ƙwallonsa da bugu 3, ɗan Turai kuwa ya yi ta fama cikin yashi da ciyawa sai da ya yi bugu 9. A gasar yau da kullum wannan ɓarna ta bugu 6 za ta bi shi har ƙarshe. Amma a nan rami ɗaya tak ya rasa. In ya ci rami na biyu ko da ratar bugu ɗaya ne, shi ke nan sun koma daidai. Haka za su yi ta yi, har sai ɗaya ya ba da ratar da ba za a iya kamowa ba. In mutum yana gaba da ramuka 3 alhali saura ramuka 2 a fili, wasa ya ƙare, sai a gaisa a watse. Wanda ya ci ya samo wa ƙungiyarsa maki ɗaya. In kuwa aka gama ramuka 18 ana kunnen doki, sai a raba makin nan biyu, kowa ya ɗauki rabi. To ka ji inda rabin maki ya samo asali.

Kwana uku ake yi. Ranar Juma'a da Asabar biyu-biyu ake karawa, wasa takwas a kowace rana. A huɗu daga ciki, abokan nan biyu ƙwallo ɗaya suke da ita, wannan ya buga, wancan ya buga, karɓa-karɓa. Ka ga ke nan in abokinka ya jefa ta cikin ƙaya, kai za ka shiga ka fito da ita. A sauran huɗun kuwa kowa da ƙwallonsa, sai a ɗauki sakamakon wanda ya fi kyau a cikin biyun. Ran Lahadi kuma sai a yi gaba da gaba, mutum da mutum, wasa 12. Jimla maki 28 ke nan. Duk ɓangaren da ya kai maki 14 da rabi ya ci kofi. In aka tashi 14 da 14, kofi na nan a hannun wanda ke riƙe da shi tun farko. Kowane ɓangare na da kyaftin wanda aikinsa shi ne haɗa wa da wa za su yi wasa tare, da jera sunaye. A gasar 2023 da ta 2025, mutum shida ƙoƙarinsu na shekara ne ya ba su gurbi, sauran shidan kuma kyaftin ne ya zaɓo su da kansa.

Sunan kofin kuwa ya samo asali ne daga wani Baturen Ingila, Samuel Ryder, ɗan kasuwa a garin St Albans, wanda ya yi arziki da sayar da irin shuka a ƙananan ƙunshi na kwabo-kwabo. Sai da ya doshi shekara 50 sannan ya fara wasan, amma ya shiga ransa ƙwarai, har ya ba da kofin zinariya don a riƙa karawa a kansa tsakanin ƙwararrun Birtaniya da na Amurka. An yi gasar farko a 1927 a garin Worcester na jihar Massachusetts, Amurka ta ci da maki 9 da rabi, Birtaniya na da 2 da rabi.

To yanzu sai batun Turai da ya ɗaure maka kai. Daga 1927 zuwa 1977, sau uku kacal Birtaniya ta yi nasara, wato a 1929 da 1933 da kuma 1957. Ko da aka ƙara sunan ƙasar Ailan a ƙungiyar a 1973, ba ta sake zani ba. Gasar ta fara gundurar jama'a, don wasan da aka san mai ci tun kafin a fara ba ya da daɗin kallo. Shahararren ɗan wasan Amurka Jack Nicklaus na cikin waɗanda suka ba da shawara a buɗe ƙofa ga sauran ƙasashen Turai. Aka yi haka a 1979, inda 'yan Sifen biyu, Seve Ballesteros da Antonio Garrido, suka zama na farko da suka shigo. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. A 1985 Turai ta ci kofin a filin Belfry na Ingila, a 1987 kuma ta bi Amurka har gida, a jihar Ohio, ta doke ta, abin da bai taɓa faruwa ba. Daga 1979 zuwa 2025 an kara sau 23: Turai ta ci 13, Amurka ta ci 9, an yi kunnen doki sau ɗaya a 1989. Nasarar ƙarshe da Amurka ta samu a ƙasar Turai a cikin waɗannan shekaru, tun ta 1993 ce.

Wani abin da ke sa jama'a son wannan gasa shi ne, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. A 1999, Turai na gaba da maki 10 da 6 a daren Asabar, amma ran Lahadi Amurka ta juya wasan ta ci da 14 da rabi. A 2012 a filin Medinah kusa da Chicago, sai Turai ta rama daidai wa daida: ana binta 10 da 6, ta farfaɗo ta ci da 14 da rabi. Ko a 2025 ɗin da ka ji, Turai ta kwana da ratar maki 7, amma da ƙyar da jiɓin goshi ta tsira ran Lahadi.

Sai maganar kuɗi. A nan, malam, za ka sha mamaki: babu ladan kuɗi ga wanda ya ci Kofin Ryder. Mutanen da suka saba cin miliyoyin daloli a mako guda, a nan kofi da suna kawai suke nema. Kuɗin shiga da na talabijin, waɗanda ba kaɗan ba ne, suna tafiya ne ga hukumomin da ke shirya gasar a ɓangarorin biyu. Wannan ya jawo ƙorafi daga wasu 'yan wasan Amurka a 1999, bayan haka aka fara ware dala dubu 200 da sunan kowannensu don ya ba da sadaka inda ya ga dama. A 2025 hukumar Amurka ta ɗaga abin zuwa dala dubu 500, dubu 300 na sadaka, dubu 200 kuma na ɗan wasa ne ya yi yadda ya so. 'Yan Turai dai ba a biya su ba, su ne kuma suka tafi da kofin. Masu goyon bayan biya suna cewa ai da guminsu ake tara kuɗin. Masu adawa kuma na cewa in kuɗi ya shigo, abin da ya bambanta wannan gasa da sauran zai tafi. Ko ma dai wane ne ke da gaskiya, an ga Rory McIlroy na Ailan ta Arewa yana hawaye a gaban 'yan jarida a 2021, lokacin da Amurka ta lallasa su da 19 da 9, ba kuwa don ya yi asarar ko sisi ba.

Akwai wani labari da ba a mantawa da shi. A irin wannan wasa, doka ta yarda ka yafe wa abokin karawarka bugun ƙarshe in ƙwallonsa ta matso bakin rami, a ɗauka kamar ta faɗa. A 1969 a filin Royal Birkdale na Ingila, gasar gaba ɗaya ta rataya a kan rami na ƙarshe tsakanin Nicklaus da Tony Jacklin. Jacklin na da ɗan bugu na kamar ƙafa biyu, in ya kuskure ƙasarsa ta faɗi a gaban mutanensa. Sai Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar ƙwallon Jacklin, ya yafe masa. Aka tashi 16 da 16, don a lokacin maki 32 ake yi, Amurka ta ci gaba da riƙe kofi, ba kuma wanda ya ji kunya. Sai dai ba kullum ake samun irin wannan dattako ba. A 2025 an yi tir da yadda wasu 'yan kallo a Bethpage suka riƙa zagin 'yan wasan Turai.

Shi kuma mai tambayarmu na Kumasi, amsar ita ce a'a, ɗan Afirka ba ya shiga Kofin Ryder, sai fa in yana da takardar zama ɗan ƙasar Amurka ko ta wata ƙasar Turai. Amma a 1994 an ƙirƙiro wata gasa mai kama da ita, Kofin Shugabanni, inda Amurka ke karawa da sauran ƙasashen duniya ban da Turai. A nan ne 'yan Afirka irin su Ernie Els na Afirka ta Kudu da Nick Price na Zimbabuwe suka taka rawa. A 2003 ma a Afirka ta Kudu aka yi ta, aka tashi 17 da 17. Els da Tiger Woods suka yi ƙarin ramuka uku ba wanda ya kayar da wani har duhu ya yi, sai kyaftin-kyaftin ɗin suka yarda a raba kofin.

An tsara yin Kofin Ryder na 2027 a filin Adare Manor na ƙasar Ailan, shekara 100 cif da farawa.