Masara da wake na iya farfaɗo da ƙasar da baƙin mai ya kashe

Da an ambaci malalar mai, hankali kan koma yankin Ogoni a Neja-Delta, inda rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce aikin tsabtacewa zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Sai dai mu ma a Gashuwa muna da tamu matsalar. Dubi gindin injin ban-ruwa a fadamun Kogin Yobe, ko inda ake juyen baƙin mai a garejin makanikai daga Katuzu har Nguru. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, in an zuba ruwa sai ya gangare bai ratsa ba, ko ciyawa ba ta fitowa.

Masana sun gano cewa shuka na iya gyara irin wannan wuri. Asalin masu aikin su ne ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Saiwa tana tsattsafo da sukari da wasu sinadarai, ƙwayoyin su taru a jikinta su hayayyafa, su riƙa narkar da man a hankali. Masara da dawa suna da saiwa mai yawa wadda ke buɗe wa iska hanya. Wake da gyaɗa kuma suna mayar wa ƙasa sinadarin naitirojin, wanda ƙwayoyin ke buƙata. Manomi zai kafce wurin, ya zuba kashin shanu ko na kaji, sannan ya shuka. Aiki ne na damina da dama, kuma inda mai ya yi kauri sai an fara kwashe shi, in ba haka ba tsiron ƙonewa zai yi.

A nan ne ake buƙatar taka-tsantsan. Baƙin mai yakan ɗauko dalma da wasu ƙarafa daga cikin inji, su kuwa ba sa narkewa, kuma shuka na iya zuƙarsu. Saboda haka abin da aka girbe a wurin ba na tukunya ba ne, karansa da harawarsa ma kada a ba dabbobi. Gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma garin Gashuwa da ya daɗe yana fama da ciwon ƙoda bai kamata ya yi sake ba.

Ya dace Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, wadda aka kafa a 2013, ta ware filin gwaji, ta auna ƙasar kafin shuka da bayan girbi, ta sanar da manoma sakamakon da Hausa da Badanci. Kafin nan, kowane mai inji ya tara baƙin mansa a jarka.