Rubutu Daban, Furuci Daban: Inda Kalmomin Turanci Ke Ruɗa Mai Koyo

Duk wanda ya fara karatu da Hausar boko ya saba da cewa yadda aka rubuta kalma, kusan haka ake faɗarta. Wannan sabon ne ke kai shi ya baro ranar da ya tunkari Turanci, domin can haruffa 26 ne ke ɗauke da sautuka kusan 44, kuma ba a raba musu aikin da adalci ba. Haruffa huɗun da ke ƙarshen though da through da cough da rough iri ɗaya ne a ido, amma kowace kalma da yadda take fita a baki.

Ba mugunta ta sa Turawa yin haka ba, tarihi ne. A shekarar 1066 mutanen Normandi suka ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu, dubban kalmominsa suka kwarara cikin Turanci da salon rubutunsu. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a ƙasar, rubutu ya fara tsayawa wuri ɗaya. Sai dai a daidai wannan zamanin ne dogayen wasulan harshen ke sauyawa a bakin mutane. Rubutu ya daskare, baki ya yi gaba abinsa. Harafin k na knife da knee, a da ana furta shi sarai. Haka ma gh na night, sauti ne daga maƙogwaro mai kama da "kha" ta Larabci. Wasu haruffan ma ba a taɓa furta su ba: malaman wancan zamani ne suka cusa b cikin debt don a tuna asalinta na Latin, sai ga ɗalibai har yau suna ta faman lanƙwasa harshe a kanta a banza.

Mu ma muna da namu tarnaƙin. Bahaushe da leɓɓa biyu yake fitar da f, shi ya sa take rikiɗa ta koma p ba tare da ma'ana ta canza ba. A Turanci kuwa sautuka biyu ne masu zaman kansu: na fan haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa, na pan leɓɓa ne ke haɗuwa su buɗe da ƙarfi. Wanda ya gauraya su zai nemi copy a kawo masa coffee. Ba mu da v, sai vote ta koma boat. Ba mu da th, sai think ta koma sink. Sannan harshenmu ba ya son baƙaƙe su yi cincirindo babu wasali a tsakani, abin da ya ba mu burodi da sukudireba. Waɗannan Hausa ce tsantsa yanzu, babu abin kunya a cikinsu. Matsalar ita ce mutum ya ɗauki wasulan da muka ƙara ya mayar da su cikin Turanci.

Akwai kuma nauyin gaɓa, wanda ke kayar da ɗalibai da yawa a takardar furuci ta jarrabawar WAEC. Kalmar record, in aka danna gaɓar farko suna ce, in aka danna ta biyu ta zama aikatau.

Ta fuskar ma'ana, ni dai ban ga amfanin haddar dogon jerin kalmomi kowace da fassararta guda ɗaya ba. Ɗalibi zai haddace cewa look na nufin duba, sai ya ci karo da look after, wato kula da wani, da look down on, wato raina shi, haddar ta watse. Kalma a cikin jimla take da rai. A. S. Hornby, wanda ya daɗe yana koyar da Turanci a Japan, ya gane haka, shi ya sa ƙamusun masu koyo da ya tsara, wanda maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar a 1948, ya cika shi da misalan jimloli da alamomin furuci. Abin takaici, waɗannan alamomin da ke gaban kowace kalma su ne mafi yawanmu muke tsallakewa. Yanzu ma an sauƙaƙa: ƙamusun da ke waya yana da ɗan hoton lasifika, ka taɓa ka ji kalmar da muryar Ingila ko ta Amurka, ka maimaita da babbar murya kafin ka rubuta ta a littafinka.

Ba wai sai ka koma kamar mai karanta labarai a BBC ba. Turawan su kansu ba su daidaita ba, tomato da schedule kowane ɓangare da yadda yake faɗarsu. Abin nema shi ne a fahimce ka ba tare da an ce ka maimaita ba. Harshen ma ya daɗe da fin ƙarfin masu shi: a watan Janairun 2020 babban ƙamusun Oxford ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya, cikinsu har da okada da danfo da Kannywood.