Dashen hanta a Amurka: layi ɗaya ne, amma ba kowa ke isa bakinsa ba

Mu da ke zaune a bakin iyaka mun san cewa a gaban duwan, mai cikakkun takardu da ɗan abin hannu shi ke fara wucewa. Abin mamaki, haka lamarin yake a asibitocin Amurka ga wanda hantarsa ta lalace.

A garin Denba ne likita Thomas Starzl ya fara dasa wa mutum hanta a 1963. A 2023 an yi irin wannan aiki fiye da sau dubu 10 a ƙasar. Hantar ba a sayar da ita, dokar 1984 ta haramta cinikin sassan jikin ɗan Adam. Aikin da jinyar su ne ke cin kuɗi, sama da dala dubu 800, wato kusan miliyan 500 na sefa. Bayan haka ga magungunan da mutum zai sha har ƙarshen ransa, don kada jiki ya ƙi baƙuwar hantar.

Tun 2002 ana jera marasa lafiya ne da wani ma'auni mai suna MELD, daga lamba 6 zuwa 40, bisa gwajin jini. Wanda ya fi kusa da mutuwa shi ne a gaba. Wani bincike da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2008 ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin baƙar fata da farar fata a cikin layin ta ragu ƙwarai bayan zuwan ma'aunin, ko da yake mata sun ci gaba da zama a baya.

To, amma wa ke shiga layin? Nan gizo ke saƙar. Sai likita ya tura ka, sannan kwamitin asibiti ya duba ko kana da inshorar da za ta biya, da mai jinya, da halin zuwa asibiti a kai a kai. Baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka sun fi yawa cikin marasa inshora ko masu dogaro da Medicaid, shirin gwamnati na talakawa, wanda kowace jiha ke da nata sharuɗɗan. A 2010 jihar Arizona ta daina biya wa manya masu ciwon hanta nau'in C kuɗin dashe, sai a 2011 ta janye bayan surutu ya yi yawa. Shi kuwa attajiri Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple na wancan lokacin, yana zaune a Kalifoniya amma a Memfis ya samu hanta a 2009, inda jiran bai kai na jiharsa ba. Bai karya doka ba, jirgi kawai gare shi.

Zancen ya shafe mu, domin ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Afirka ta Yamma, kuma yakan yi shekaru bai nuna alama ba. Ɗan'uwanmu da ke tuƙin tasi ko tallan kaya a Niyok ba tare da takardun zama ba, in ya rasu ana iya ɗaukar hantarsa a dasa wa wani da yardar danginsa. In shi ne ke bukata, a yawancin jihohi Medicaid ba za ta biya masa ba.