Wa Za Ku Bar Wa Mai Jego da Jaririnta?

Maigida, uwar miji, da ke da 'yarki ta dawo gida haihuwa, da ku nake. Ciki ya shiga wata tara. Kun zaɓi wadda za ta zauna da mai jego? Ko sai an ji kukan jariri za a aika yaro ya kira duk tsohuwar da ya samu a unguwa?

Kada ku jira ranar. Matar nan ita ce a ɗaki da tsakar dare, lokacin da kowa ya yi barci. Ita za ta fara ganin jini ya yi yawa. Ita za ta ce a tafi asibiti, ko ta ce ba komai, jego ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi uku cikin huɗu na jariran da ke mutuwa a watan farko, a makon farko suke rasuwa. Kafin a yanka ragon suna ke nan.

Ku zaunar da ita yau, ku tambaye ta. Me za ta sa a cibiya? In ta ce toka, ko man goge baki, ko gashi da tsumma mai zafi, ku dakatar da ita. Ta nan ciwon sarƙe haƙora ke shiga jariri. Akwai man chlorhexidine a asibiti da kemis, shi ake shafawa. Tana wanke hannu da sabulu kafin ta taɓa yaro? Za ta bar shi ya sha dakashi, ko za ta matse ta zubar ta ɗura masa jiƙo? Za ta sa kafur a kayansa? Za ta kira wanzami ya cire beli?

Sai wankan jego, kuma nan ne tsorona ya fi yawa. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a jikin masu jego. Suka danganta shi da tafasasshen ruwan wanka safe da yamma, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Kanwa tana tara ruwa a jiki, zuciyar da ta gaji da ɗaukar ciki ta kasa. Na ga wata mai jego zaune cikin dare, jingine da bango, ƙafafunta da hannayenta sun kumbura har zoben yatsa ya nutse, tana haki, ta kasa kwanciya. Mai yi mata wanka tana cewa wanka ne bai shige ta ba, a ƙara wuta. Wannan ba ta buƙatar ƙarin wuta, likita take buƙata a daren.

Ta san alamun haɗari? Jariri ya ƙi kama nono. Jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau. Idonsa ya yi rawaya. Yana jijjiga. Uwa tana jiƙe zani da jini, ko zazzaɓi, ko ciwon kai mai tsanani da dishi-dishin gani. In ba ta iya lissafa waɗannan ba, ku nemi wata, ko da 'yar'uwarku ce ta jini.

Ku ajiye kuɗin mota tun yanzu. Ku ba ta lambar mai adaidaita sahun da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Maigida, ka faɗa mata a gaban kowa: in ta ga ɗaya daga cikin alamun nan, ta ɗauke su zuwa asibiti, ba sai ta jira ka dawo ba.