Lambar Yabo Kan Kare Lafiyar Ma'aikata: Me Ya Kamata a Auna?

Duk shekara kusan mutum miliyan 3 ne ke rasa ransu a duniya ta dalilin aikin da suke ci da iyalinsu, bisa ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta fitar a 2023. Waɗanda hatsari ke kashewa kimanin 330,000 ne. Sauran, wajen miliyan 2.6, cuta ce ke cin su sannu a hankali: ƙura a huhu, gubar sinadarai, ciwon zuciya saboda aiki ba hutu. Don haka idan aka sami kamfanin da ya dage sai ma'aikatansa sun koma gida lafiya, yabon gwani ya zama dole.

A Birtaniya an daɗe ana wannan yabo. Ƙungiyar RoSPA mai yaƙi da haɗurra, wadda ke da mazauni a Birmingham, ta fara ba da lambobinta tun 1956, kuma mafi girmansu shi ne kofin Sir George Earle. Wata ƙungiyar, British Safety Council, takobin girmamawa take bayarwa, amma ba ta ko duba takardar kamfani sai masu bincikenta sun shiga sun tantance shi ya sami tauraro biyar. A Najeriya ma hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF da ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta NECA suna da shirin duba wuraren aiki, su karrama waɗanda suka yi fice da kayan kariya, har da motar ɗaukar marasa lafiya.

Amfanin abin a fili yake. Manajan da ke ganin sayen hular kwano da safar hannu asarar kuɗi ce, yakan sake tunani idan ya ga abokin gasarsa na samun kwangila da shaidar lambar yabo. Jami'in kula da lafiyar ma'aikata, wanda sau da yawa ake yi wa kallon mai kawo cikas, shi ma yana samun bakin magana a gaban shugabanni.

Sai dai akwai tarko. Ranar 20 ga Afrilun 2010, manyan jami'an kamfanonin BP da Transocean suka sauka a dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon a mashigin tekun Meziko, kuma cikin abin da ya kai su har da taya ma'aikata murnar shekara 7 ba tare da wani ya ji ciwon da zai hana shi aiki ba. A daren ranar iskar gas ta ɓalle daga rijiyar, wuta ta tashi, mutum 11 suka mutu, mai ya yi kwana 87 yana malala cikin teku. Lissafin nasu ba ƙarya ba ne. Abin da suke ƙirgawa shi ne santsi da faɗuwa da yankewar yatsa, alhali simintin da aka toshe rijiyar da shi bai kama ba, kuma an yi wa gwajin matsin da ya nuna hakan gurguwar fahimta.

Ƙirga ranakun da ba a yi hatsari ba yana da wata illar da ta fi wannan yawa. Idan aka ce za a raba wa sashe kuɗi in ya cika shekara ba rauni, leburan da inji ya datse wa yatsa zai naɗe shi da tsumma ya yi shiru, don kada ya jawo wa abokan aikinsa asara. Allon ƙirgar raunuka a bakin ƙofa na nuna sifili, ciwo na ruɓewa a gida. A ganina lambar da ke sa mutum ɓoye rauninsa ta fi rashinta muni.

Masu ba da lamba su tambayi abin da ke da wahalar ƙawatawa. Sau nawa ma'aikata suka kai rahoton hatsarin da aka tsallake rijiya da baya, kuma kwana nawa aka ɗauka kafin a gyara? Ƙaramin ma'aikaci na iya tsayar da inji idan ya ga matsala ba tare da an kore shi ba? Ƙofar gudu idan gobara ta tashi a buɗe take lokacin aikin dare? Ana auna ji da huhun masu aiki cikin ƙara da ƙura? Leburorin ɗan kwangila, waɗanda su ake turawa wuri mafi haɗari, suna cikin lissafin? Amsar waɗannan ba a ofis take ba. Sai an zaga masana'antu irin na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano ba tare da sanarwa ba, an keɓe da ma'aikata ba a gaban oga ba.

Kai kuma ma'aikaci, kada alƙawarin kyauta ya rufe maka baki. Dokar biyan diyya ta 2010 ta wajabta wa mai kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, daga aljihunsa, ba daga albashinka ba. Neman diyya daga asusun yana farawa ne da rahoto, don haka ka sanar da shugabanka a ranar da ka ji ciwon, ka tabbatar an rubuta, ka kuma adana takardar asibiti.